Muzguna wa malamai a jami'o'in Faransa: Yadda gasar neman kuɗi ta sauya zaman aiki a Paris da Lyon

A Faransa, muzguna wa abokin aiki laifi ne da kan iya kai mutum gidan yari na tsawon shekara biyu, tare da tarar yuro 30,000. Dokar ba ta ware kowa ba. Yadda ta hau kan manajan kamfani, haka ta hau kan daraktan ma'aikatar gwamnati da farfesan jami'a.

Duk da haka, jami'a na cikin wuraren da ya fi wuya wanda aka zalunta ya buɗe baki. Mai duba aikinsa, da mai sabunta masa kwantiragi, da mai rubuta masa takardar shaida idan zai nemi wani aikin, sau da yawa mutum ɗaya ne, ko kuma mutanen da ke cin tuwo a akushi ɗaya.

Cikin shekara ashirin da suka gabata, gwamnatocin Faransa sun sauya yadda ake ba jami'o'i kuɗi da yadda ake auna ƙwazon malamai, inda gasa ta zama ginshiƙi. Paris da Lyon, biranen da suka fi tara ɗalibai da malaman jami'a a ƙasar, su ne fagen da aka fi ganin wannan sauyi. Cin zali ya girmi gasar, amma gasar ta ƙara wa na sama ƙarfi, ta kuma rage wa na ƙasa wurin gudu.

Mene ne muzgunawa a wurin aiki?

Masanin halayyar ɗan'adam Heinz Leymann, haifaffen Jamus da ya yi aiki a Suwidin, na cikin waɗanda suka fara nazarin lamarin a shekarun 1980. Ya tattara ɗabi'u 45 da ake amfani da su wajen gallaza wa ma'aikaci, ya kuma sa ma'auni: idan ana yi wa mutum irin waɗannan abubuwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata shida, to lamarin ya wuce saɓani, ya zama bita da ƙulli.

A Faransa, likitar ƙwaƙwalwa Marie-France Hirigoyen ce ta fito da batun fili a wani littafi da ta wallafa a 1998, wanda ya yaɗa kalmar "harcèlement moral", wato muzgunawar da ke taɓa zuciya da mutunci ba tare da an ɗaga hannu ba. Bayan shekara huɗu, dokar ranar 17 ga Janairun 2002 ta shigar da ita cikin dokokin ƙwadago da na manyan laifuka da na ma'aikatan gwamnati. A 2012 aka ninka hukuncin daga shekara ɗaya da yuro 15,000 zuwa inda yake a yau.

A idon dokar, muzgunawa ita ce maganganu ko ayyukan da ake maimaitawa, waɗanda ke lalata yanayin aikin mutum ta yadda za su iya taɓa haƙƙinsa da mutuncinsa, ko lafiyar jikinsa da ta ƙwaƙwalwarsa, ko makomar aikinsa. Ba dole ne mai laifin ya kasance shugaba ba. Tsara na iya muzguna wa tsara, na ƙasa ma na iya muzguna wa na sama. Sai dai kotuna sun sha bayyana cewa gyaran aiki, ko umarnin da shugaba ya bayar cikin hurumin ikonsa, ba ya zama muzgunawa don kawai bai yi wa ma'aikaci daɗi ba.

Yadda take kasancewa a jami'a

A jami'a ba kasafai ake cin zali da ihu da zagi ba. An fi yin sa da takarda da jadawali da shiru.

Ana iya cire sunan malami daga maƙalar da ya sha wahalarta, ko a tilasta masa sanya sunan wanda bai ɗiga komai a cikinta ba. Ana iya karɓe masa darasin da ya ƙware a kai a ɗora masa wanda kowa ke gudu, ko a raba shi da ofis da na'urorin bincike. Ana iya daina gayyatarsa taron sashe, a cire shi daga jerin waɗanda ake aika wa saƙon imel, har ya wayi gari ya zama saniyar ware. Wani kuma a gaban ɗalibansa ake kwance masa zani a kasuwa. Ɗalibin digiri na uku yakan kai babin kundinsa ya zauna wata da watanni ba amsa, ga shi kuɗin tallafinsa na ƙarewa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, idan aka ɗauke shi shi kaɗai, yana da uzurin da za a iya kawowa: ƙarancin ofisoshi, buƙatar sashe, yawan aiki. Sai an jera su ne ake ganin kisan mummuƙen da ke ciki. Masanin zamantakewa ɗan Kanada, Kenneth Westhues na Jami'ar Waterloo, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda malamai ke yi wa ɗan'uwansu taron dangi, ya nuna cewa ƙwararren malami ma ba ya tsira, musamman idan ya fita daban ko ya saɓa wa masu riƙe da sashe.

Wani bincike da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya ta fitar a Janairun 2020, bayan jin ta bakin masu bincike sama da 4,000, ya gano cewa kashi 43 cikin 100 sun ce an taɓa muzguna musu, kashi 61 kuma sun ce sun ga ana yi wa wani. A Faransa, Adèle Combes, wadda ta yi digiri na uku a fannin nazarin ƙwaƙwalwa, ta wallafa littafi a 2022 kan halin da matasan masu bincike ke ciki, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka amsa tambayoyinta sun ce sun fuskanci muzgunawa.

Tsohon tsarin ubangida da yaransa

Tun kafin a fara batun kasuwa, jami'ar Faransa na da abin da ake kira "mandarin": babban farfesa mai riƙe da kujerar fanni, wanda ke zaɓar mataimakansa, ya ɗaga wanda ya so, ya danne wanda ya ga dama. Wannan iko na cikin abubuwan da ɗalibai da ƙananan malamai suka yi wa bore a Paris a watan Mayun 1968. Dokar da minista Edgar Faure ya kawo a Nuwamban shekarar ta rushe tsofaffin tsangayoyi, ta kafa majalisun jami'a da ake zaɓa. A sanadiyyarta ne aka raba Jami'ar Paris gida 13, Lyon kuma ta zama jami'o'i uku zuwa 1973.

Amma dogaron ƙarami a kan babba bai gushe ba. Har yau ana neman ra'ayin malamin da ke duba kundin ɗalibin digiri na uku kafin a sabunta masa rajista kowace shekara, kuma shi ke ba da shawarar lokacin kare kundin da waɗanda za su zauna a kwamitin jarrabawa. A fannonin da masanansu ba su da yawa, kalma ɗaya daga bakin babban farfesa na iya rufe wa matashi ƙofofi daga Paris har Lyon.

Yadda kasuwa ta shiga jami'a

A 2003 wata jami'a a birnin Shanghai na ƙasar Sin ta fara fitar da jadawalin jami'o'in duniya. Jami'o'in Faransa ba su taka rawar gani ba, kuma 'yan siyasa suka ɗauki hakan a matsayin abin kunya ga ƙasa. Sauye-sauye suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya.

A 2005 aka kafa hukumar ANR mai raba kuɗin bincike ta hanyar gasa. Maimakon cibiyar bincike ta dogara da kasonta na shekara-shekara, sai malamai su rubuta buƙata su fafata da 'yan'uwansu. A 2014 da 2015, kusan buƙata ɗaya ce cikin goma ke samun amincewa, kafin adadin ya haura kashi 20 cikin 100 daga 2021.

A ranar 10 ga Agustan 2007, ƙarƙashin shugaba Nicolas Sarkozy da ministarsa Valérie Pécresse, aka zartar da dokar 'yancin jami'o'i da ake kira LRU. Ta miƙa wa kowace jami'a alhakin biyan albashin ma'aikatanta daga kasafinta, ta rage yawan mambobin majalisar gudanarwa, ta kuma ƙara wa shugaban jami'a iko. A daidai lokacin wata sabuwar hukumar tantancewa, AERES, ta fara ba cibiyoyin bincike maki daga A+ zuwa C, tamkar 'yan makaranta.

A Janairun 2009 Sarkozy ya yi wani jawabi da ya zargi masu binciken Faransa da wallafa ƙasa da takwarorinsu na Birtaniya. Ga kuma wani daftarin doka da zai ba shugabannin jami'o'i damar ƙara wa malamin da aka ga bincikensa ya yi ƙasa awannin koyarwa. Malamai suka tsunduma yajin aiki daga Fabrairu har tsawon watanni, kuma a dandalin da ke gaban fadar magajin garin Paris masu zanga-zanga suka riƙa zagaye dare da rana, suna karɓeɓeniya, har sama da awa dubu.

Alƙiblar ba ta sauya ba. A Nuwamban 2019, shugaban cibiyar binciken kimiyya ta ƙasa CNRS, Antoine Petit, ya yi kira da a kafa dokar bincike wadda ba za ta daidaita kowa da kowa ba, mai bin tafarkin Darwin, wato mai ƙarfi shi ke rayuwa. Dokar da aka zartar a Disamban 2020 ta ƙirƙiro sababbin guraben aiki masu wa'adi. Daga 2022 wani ɓangare na alawus ɗin malamai ya zama sai an nema an kuma yi gasa. A ƙarshen 2024 Petit ya sanar da shirin fifita kashi 25 cikin 100 na cibiyoyin bincike, amma ƙorafin 'yan mowa da 'yan bora ya yi ƙarfin da ya sa aka dakatar da shirin a farkon 2025.

Paris ta haɗe, Lyon ta kasa

Tunda jadawalin Shanghai na ƙirga yawan lambobin yabo na Nobel da yawan maƙalu a manyan mujallun kimiyya, babbar jami'a ta fi ƙarama samun maki. Don haka daga 2010 gwamnati ta ware biliyoyin yuro ga shirin IDEX, wanda ke saka wa jami'o'in da suka yarda su dunƙule.

A Paris, jami'o'in da aka raba bayan 1968 suka fara komawa inuwa ɗaya. Jami'ar Sorbonne ta yanzu ta samu ne ranar 1 ga Janairun 2018 daga haɗewar Paris-Sorbonne da Pierre-et-Marie-Curie. Paris-Descartes da Paris-Diderot suka haɗe a 2019, suka zama abin da ake kira Paris Cité a yau. A 2020 Paris-Saclay, da ke kudancin birnin, ta zo ta 14 a jadawalin Shanghai.

A Lyon lamarin ya sha bamban. Yankin ya samu lambar IDEX a Fabrairun 2017, bisa sharaɗin kafa babbar jami'a guda. Aka shafe fiye da shekara uku ana tattaunawa da sake zana tsarin mulki, wasu makarantu suka fita daga shirin, har ya rage Lyon 1, da Lyon 3, da babbar makarantar ENS ta Lyon, da jami'ar garin Saint-Étienne mai maƙwabtaka. A Oktoban 2020 majalisar gudanarwar Saint-Étienne ta ƙi amincewa, saboda fargabar cewa jami'ar za ta rasa sunanta da 'yancinta. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye lambar tare da kuɗin da ke biye da ita.

Ko an yi nasara ko an faɗi, irin wannan garambawul na nufin shekaru na rashin tabbas ga ma'aikata. Sassa biyu sukan koma ɗaya, shugabanni biyu su nemi kujera ɗaya, a sake raba ofisoshi da darussa, kuma wanda ya soki shirin a fili sai ya ci gaba da aiki ƙarƙashin waɗanda suka tsara shi.

A ɓangaren makarantu masu zaman kansu, waɗanda yanzu ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban manyan makarantun Faransa, kasuwar a fili take. Makarantar koyon kasuwanci ta emlyon, wadda ƙungiyar 'yan kasuwar Lyon ta daɗe tana riƙe da ita, ta buɗe ƙofa ga masu zuba jari a 2019, sannan a 2022 kamfanin Galileo Global Education mai hedikwata a Paris ya sayi babban kaso a cikinta. Malaman irin waɗannan makarantu ma'aikatan kamfani ne, ba su da kariyar da ma'aikacin gwamnati ke da ita daga kora.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Yawan ɗaliban manyan makarantu a Faransa ya tashi daga kimanin miliyan 2.3 a 2010 zuwa kusan miliyan 3 bayan shekara goma sha ɗaya, yayin da guraben aiki na dindindin da ake buɗe wa sababbin malamai suka ragu sosai. Giɓin da ya samu, malaman da ake biya da awa ne suka cike shi, kuma yawansu ya haura 100,000, fiye da na malaman dindindin.

Ana biyan irin wannan malami kimanin yuro 43 a kan awa guda a aji. Amma a lissafin hukuma, kowace awa a aji na daidai da awa 4.2 na aiki idan aka haɗa da shirya darasi da duba takardun jarrabawa. Ke nan ladansa na awa ya ɗan haura yuro 10, ƙasa da mafi ƙarancin albashin ƙasar. An daɗe ana biyan su bayan watanni. A farkon 2015 malaman awa a Jami'ar Lyon 2 sun yi yajin aiki saboda sun shafe zangon karatu suna koyarwa ba kwantiragi ba biya. Sai daga Satumban 2022 ne doka ta wajabta biyan su wata-wata.

Masu binciken da suka gama digiri na uku kuwa kan yi ta bin kwantiragin shekara ɗaya zuwa uku, wanda ke rataye da tallafin da wani farfesa ya ciwo. Doka ta ce bayan shekara shida a kan kwantiragi mai wa'adi a wuri ɗaya dole a mayar da mutum na dindindin, abin da ya sa ake sallamar wasu kafin su cika shidan.

Baƙi na da ƙarin nauyi. Kusan kashi 40 cikin 100 na masu digiri na uku a Faransa 'yan ƙasashen waje ne, da yawansu daga Afirka. Takardar izinin zamansu na tafiya ne da rajistarsu ko da yarjejeniyar da cibiyar bincike ta sa wa hannu. Ga ɗalibin da ya taso daga Yamai ko Zariya, saɓani da malaminsa na iya jawo masa asarar digiri da albashi da izinin zama a lokaci guda, ga kuma hukumar da ta ɗauki nauyinsa a gida tana jiran sakamako.

Ina alaƙar gasa da cin zali?

Alaƙar na bi ta hanyoyi biyu. Ta farko, wanda ke kawo kuɗi ya zama shafaffe da mai. Farfesan da ya ciwo tallafin miliyoyin yuro na ɗauke da albashin mutane da dama, jami'a na samun kaso daga kuɗin, sunansa kuma na ɗaga ta a jadawali. Hukunta shi asara ce da ake iya ƙirgawa, alhali tafiyar matashin da ya kasa jurewa ba ta bayyana a kowane lissafi.

Ta biyu, matsin na gangarowa ne kamar kashin dankali, na sama na danne na ƙasa. Christophe Dejours, likitan ƙwaƙwalwa da ya daɗe yana koyarwa a cibiyar CNAM ta Paris, ya yi bayanin cewa auna ƙwazon ma'aikata ɗaya bayan ɗaya na rusa zumuncin wurin aiki, ta yadda wanda ya ga ana zaluntar ɗan'uwansa zai kau da kai, domin shi ma abokin takara ne.

Misalin da ya fi girgiza duniyar ilimi ya faru ne a Landan. A Satumban 2014 Farfesa Stefan Grimm na Imperial College ya hallaka kansa yana da shekara 51, bayan an sanar da shi cewa ana sa ran ya riƙa kawo tallafin bincike na kimanin fam 200,000 a shekara. Makonni bayan rasuwarsa wani saƙon imel da ya tsara ya isa ga abokan aikinsa, yana bayyana yadda aka matsa masa.

Masu goyon bayan gasa na da tasu hujjar. Suna cewa tallafin da ake nema kai tsaye na ba matashin malami damar kafa tawagarsa ba tare da jiran albarkar ubangida ba, kuma ANR na da shiri na musamman domin matasa. Suna kuma cewa yawaitar ƙorafi na iya nuna cewa kan mage ya waye, mutane sun daina haɗiye abin da magabatansu suka haɗiye. Haka nan, mai ba da kuɗi na iya zama mai tsawatarwa: a 2018 gidauniyar Wellcome ta janye tallafin fam miliyan 3.5 daga wata fitacciyar farfesa a Landan bayan zargin muzguna wa ma'aikata.

Me ya sa hukunci ke wuya?

A 1984 Majalisar Tsarin Mulkin Faransa ta tabbatar da cewa 'yancin farfesoshi ginshiƙi ne na dokokin ƙasa. Manufar ita ce kare malami daga katsalandan ɗin gwamnati. Ɗaya daga cikin sakamakon hakan shi ne, malamai ne ke yi wa malami shari'ar ladabtarwa, kuma farfesa sai farfesoshi irinsa.

Shugaban jami'a ne yawanci ke tura ƙara gaban kwamitin ladabtarwa, wanda mambobinsa zaɓaɓɓu ne daga cikin jami'ar. Hukuncin na farawa daga tsawatarwa a rubuce, zuwa jinkirta ƙarin girma, zuwa hana koyarwa ko bincike har shekara biyar, zuwa kora. Sai dai shugaban da zai buɗe ƙarar zaɓaɓɓe ne, kuma wanda ake zargi na iya kasancewa cikin waɗanda suka mara masa baya. Doka ta ba da damar mayar da shari'ar wata jami'a idan ana shakkar adalci. Dokar Agustan 2019 kuma ta tanadi cewa alƙali daga kotun ƙoli ta harkokin mulki, Conseil d'État, shi zai shugabanci kwamitin ɗaukaka ƙara na ƙasa, maimakon farfesa.

Abin da ya faru a birnin Marseille, kudu da Lyon, na nuna tsawon lokacin da ƙorafi kan ɗauka. A 2017 wasu ma'aikatan cibiyar nazarin cututtuka masu yaɗuwa da Farfesa Didier Raoult ke jagoranta sun rubuta wasiƙa ba tare da sunayensu ba, suna kukan wulaƙanci a wurin aiki. Sai a Satumban 2022, bayan ya bar kujerar, rahoton sufetocin gwamnati ya fito yana sukar salon shugabancin cibiyar, ministoci biyu kuma suka miƙa batun ga mai gabatar da ƙara.

Hukuncin France Télécom

Shari'ar da ta fi sauya fahimtar muzgunawa a Faransa ta fito ne daga wani kamfani. Bayan an sayar da akasarin hannun jarin France Télécom, wanda yanzu ake kira Orange, shugabanninsa sun ƙudiri rage ma'aikata 22,000 cikin shekara uku. Yawancin ma'aikatan na da matsayin ma'aikatan gwamnati, ba a iya korar su, don haka aka bi ta hanyar sauya musu wurin aiki ba shiri da raba su da ayyukansu har su gaji su tafi. A 2006 shugaban kamfanin, Didier Lombard, ya ce zai fitar da su ko ta taga ko ta ƙofa. Ma'aikata 35 ne suka kashe kansu a 2008 da 2009.

A ranar 20 ga Disamban 2019 wata kotu a Paris ta same shi da wasu manyan jami'ai da laifi, ta ci tarar kamfanin yuro 75,000. A 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara guda da tarar yuro 15,000. A ranar 21 ga Janairun 2025 kotun ƙoli ta tabbatar da cewa manufar shugabanci kanta na iya zama muzgunawa, ko da shugaban bai taɓa haɗuwa da waɗanda abin ya shafa ba.

Wannan na da muhimmanci ga jami'o'i. Malaman dindindin su ma ma'aikatan gwamnati ne da ba a iya kora cikin sauƙi, kuma sashen dokar da aka hukunta Lombard da shi bai bambance kamfani da ma'aikatar gwamnati ba.

Waɗanne hanyoyi doka ta buɗe?

Tun bayan wata dokar Maris ɗin 2020, wajibi ne kowace jami'ar gwamnati ta samar da ofishin karɓar ƙorafin muzgunawa da wariya. Ma'aikaci na iya ganin likitan wurin aiki, ya rubuta kukansa a rajistar lafiya da tsaron ma'aikata wadda wakilan ƙungiyoyin ƙwadago ke dubawa, ya kuma nemi jami'a ta ba shi kariyar da doka ta wajabta, ciki har da kuɗin lauya. Idan ta ƙi, yana iya zuwa kotun harkokin mulki.

A can, bisa hukuncin Conseil d'État na Yulin 2011, ba a ɗora wa mai ƙara dukkan nauyin hujja. Zai kawo abubuwan da ke nuna alamar muzgunawa, sannan hukuma ta tabbatar da cewa matakan da ta ɗauka na da wani dalili na daban. Shi ya sa ajiye saƙonni, da rubuta ranaku, da samun shaidu ke da matuƙar amfani. Ana kuma iya kai ƙara gaban mai gabatar da ƙara cikin shekara shida. Doka ta hana a hukunta wanda ya kai ƙorafi da gaskiya ko wanda ya ba da shaida.

Ga masu digiri na uku, ƙa'idojin 2016 da aka gyara a 2022 sun tanadi kwamitin bibiya da ke ganawa da ɗalibi ba tare da malaminsa na wurin ba, kuma an ɗora masa alhakin kai rahoton duk alamar muzgunawa.

Najeriya da Nijar fa?

A Yunin 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da muzgunawa a wurin aiki. Najeriya ta rattaba mata hannu a Nuwamban 2022, Faransa kuma a Afrilun 2023.

Tambayoyin da ake yi a Paris da Lyon ba baƙi ba ne a jami'o'in Afirka ta Yamma. A Najeriya, jami'o'i masu zaman kansu da aka fara ba lasisi a 1999 sun haura 140, kuma ƙungiyar malamai ta ASUU ba ta da rassa a yawancinsu, don haka malamin da ya samu saɓani da mai jami'a shi kaɗai yake tsaye. Ƙarin girma a jami'o'in gwamnati ma na tafiya ne da yawan maƙalu da amincewar na sama. A Nijar, ƙungiyar malamai ta SNECS ta yi dogon yajin aiki a 2018 da 2019 kan ko malamai ne za su zaɓi shugabannin jami'o'i ko gwamnati ce za ta naɗa su.

Ga mai shirin tafiya Faransa karatun digiri na uku ko aikin bincike, akwai abubuwan da ya kamata ya sani kafin ya sa hannu: wa ke biyan kuɗin kwantiraginsa kuma na shekara nawa ne, su wa ke cikin kwamitin bibiyarsa, ɗalibai nawa ne suka kammala a hannun malamin da zai duba aikinsa, nawa ne kuma suka bari a hanya. Kowace makarantar digiri na uku na da ƙa'idar sasanta rikici da ta sauya malami, kuma neman ganin ta tun ranar farko haƙƙin ɗalibi ne.